Akitek ko birkila, wa za ka fara kira? Yadda na ga aikin wani ofishin zane a Gombe

Masu tambayata ko akitek ɗin da ya mana aikin gyaran gidanmu na Bolari ya ci kuɗinsa, amsa ita ce eh ya ci, amma da sauran magana. Ba zan kama sunan ofishin ba, ƙaramin ofis ne dai, shi da yaransa masu zane a kwamfuta.

Gidan tsoho ne, tun Gombe tana ƙarƙashin Bauchi aka gina shi, kafin a ba mu jiha a 1996, kuma irin ginin nan ne na ƙari kan ƙari, wani ɗakin na ƙasa ne aka shafe da siminti, wani kuma bulo mai inci 6. Abin da muke so shi ne a haɗe ɗaki biyu su zama falo, a yi wa Dada, tsohuwarmu, bayi a cikin ɗakinta saboda ƙafa, sannan yayana yana ta maganar a ɗora bene nan gaba. Birkilanmu, dattijo ne da ya daɗe yana mana aiki, da ya duba cewa ya yi "Alhaji ai ba wani abu ba ne, a fasa bangon tsakiyar kawai mu zuba linta." Kuma ba wai mugunta ba ce, haka ya saba yi kuma sau tari yana wucewa lafiya.

Shi kuwa akitek da ya zo bai ma fito da takarda ba, tsani ya nema ya cire silin guda ya leƙa da fitilar waya, ya sauko duk yanar gizo a hularsa ya ce katakon rufin gaba ɗaya a kan bangon nan da za a fasa yake zaune. Ya sa lebura ya tona gefen fandisho, sai ga shi ko gwiwa bai kai ba, babu fila, wato ginshiƙin kankare, ko ɗaya a ginin. Nan take ya ce maganar bene a ajiye ta, falo kuma zai yiwu amma sai an tsayar da fila biyu an ɗora bim, wato kankaren da ake gicciyawa a kansu ya ɗauki nauyin rufin. Abin da ya ƙara min yarda da shi, bai yi kamar ya san komai ba, ya ce lissafin rodi ba aikinsa ba ne na injiniya ne mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya kira wani ya rubuta inda za a sa rodi mai kaurin milimita 16 da inda mai 12 ya isa. Wannan leƙen silin kaɗai wallahi ya biya kuɗin zanen, wanda in ka duba ko kuɗin tayil ɗin da muka sa bai kai ba.

Wani amfanin kuma da ban yi zato ba shi ne wajen ciniki. Da zane a hannu da lissafin kaya, buhun simintin Ashaka nawa, bulo nawa, tifar yashi da tsakuwa nawa, sai ka ga kowa ka ba shi takardar abu ɗaya yake yi wa kuɗi, ba irin wanda za a ce maka siminti ya ƙare yau, gobe a ce rodi bai isa ba kai kuma ba ka da bakin musu. Haka in gyaran ya taɓa tsarin gini har sai an nemi izinin hukumar tsara birane, GOSUPDA, zane mai hatimi za a nema, kuma a nan ake gane akitek na gaske, don garin nan cike yake da masu iya zane a kwamfuta suna kiran kansu akitek. Ka tambayi mutum lambar rajistarsa ta ARCON, hukumar da ke yi wa akitek rajista, in ya fara kame-kame ka san inda ka dosa.

To sai inda suka gaza. Na farko jan ƙafa, kullum "Yallaɓai gobe insha Allahu", kuma ka san farashin siminti ba ya jiran kowa wajen tashi. Na biyu zanen farko da suka kawo kamar ba a gidan Bahaushe ko Bafulatani aka haife su ba, ƙofar falo tana kallon tsakar gida kai tsaye, baƙo na zaune yana hango mata a madafa, ga wata ƙatuwar taga ta gilas ta kalli yamma, da zafin Gomben nan na watan Maris da Afrilu wa zai zauna a ciki. Dada na gani ta ce a mayar musu da kayansu. Sun kuma so su yi mana rufin nan da ake ɓoye kwano a bayan bango, yana da kyau a hoto kam, amma duk wanda ya ga yadda gatarsa ke toshewa da ganye da leda ruwa ya dawo silin ba zai so shi a tsohon gida ba.

Kuma birkilan nan da aka so a raina, shi ya kalli zanen ya ce "ɗana, wannan masan ai alƙibla ya kalla", aka juya shi. Shi ne kuma ya san inda tsohuwar sokawe take da inda ruwan sama ke bi ya fita lungu in an yi mamako, abin da babu shi a kowace takarda, kuma a garin da zaizaya ke cin unguwanni ba a wasa da hanyar ruwa. Shi ya sa in za ka kira akitek, ka sa birkilanka ya zo ranar su zaga gidan tare, kar ka bari sai an gama zane su haɗu, kowa ya riƙa kare nasa.

In fenti ne da tayil da canza kwano ko filasta, kar ka ɓata kuɗinka, birkila da kafinta sun ishe ka. Amma da zarar za a fasa bango, ko a taɓa rufi, ko ana maganar ɗora bene, akitek ne farko. Sai dai ku yi magana tun wuri a kan zuwa duba aiki, don namu kuɗin zane daban ya ce na zuwa daban, har ranar zuba kankaren bim sai da aka ƙara masa na mai kafin ya zo ya ƙirga rodin.