Kaya sun yi, wurin fakin ne matsala

Babban kantin da nake zuwa a Bamingham ta Ingila, ba ni da ƙorafi kan kayansa. Kuɓewa ɗanya, attarugu, har doya ana samu, ma'aikatan kuma akwai fara'a.

Ranar Asabar na je da Hajiya, wadda take kan keken guragu tun da ɓarin jikinta ya shanye. Muna da shuɗin katin naƙasassu, wanda ake sawa a gilashin mota don yin fakin a gurabensu. Guraben masu ƙananan yara ne a bakin ƙofa, na naƙasassu kuwa suna can bayan rumfar kekunan sayayya, duk a cike, motoci biyu ma babu kati a gilashinsu. Na faka nesa, na turo ta cikin yayyafi har mayafinta ya jiƙe. "Bi a hankali, 'yar nan," kawai take cewa.

Ni ma uwa ce, na san wahalar ciro jariri daga kujerarsa a matsattsen wuri. Amma uwa fili take buƙata, Hajiya kuwa fili da kusanci. Gurbin iyaye karamcin kanti ne. Naƙasasshe dokar daidaito ta 2010 ce ta wajabta a sauƙaƙa masa.

Na gaya wa manaja, ya rubuta. Tauraro uku na ba su, sai ranar da aka matso da guraben.