Sashen matasa na wani asibiti a Jidda: abin da muka tarar cikin wata uku

Wata uku ke nan muna kai 'yar yayata, wadda take aji biyu a sanawiyya (babbar sakandare), wani asibiti mai zaman kansa a Jidda inda aka ware sashe domin matasa masu fama da damuwa. Malamar da ke kula da tarbiyyar ɗalibai a makarantarsu ce ta kira mahaifiyarta, bayan an ga tabo a hannun yarinyar, kuma an lura ta janye jiki daga ƙawayenta tun lokacin da aka fara shirin jarrabawar Qudurat ta neman shiga jami'a. A gida an fara da ruƙiyya, kamar yadda muka saba, amma na dage a haɗa da likita, tunda neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda likitar ta tambayi yarinyar kai tsaye ko ta taɓa tunanin kashe kanta, ba tare da kwana-kwana ko tsawa ba. Gaban mahaifiyar ya faɗi, domin a wurinmu ambaton abin ma kamar kiran sa ne. Likitar ta ce mata, "Hajiya, tambayar ba ta sa wa yaro tunanin, sai dai ta ba shi ƙofar magana." Ta bayyana mana cewa matashin da ke ji wa kansa ciwo sau da yawa yana neman sauƙin ƙuncin da ya kasa furtawa ne, ba lallai mutuwa yake so ba, amma hakan yana ƙara haɗarin yunƙurin kashe kai daga baya, saboda haka kuskure ne a ce neman suna yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashe kai ne na uku cikin abubuwan da suka fi janyo mutuwar masu shekara 15 zuwa 29, kuma da na ga yawan iyayen da ke zaune a ɗakin jira ban yi mamakin wannan ba.

Tun ranar farko aka rubuta mana tsari a takarda: alamomin da za mu lura da su, mutanen da yarinyar ta yarda ta kira idan ƙunci ya taso, da umarnin a kulle magungunan gida. Wannan takarda kaɗai ta cancanci kuɗin zaman.

Inda sashen ya gaza shi ne harshe. Yarinyar haihuwar Jidda ce, Larabci a bakinta kamar ruwa, amma mahaifiyarta Larabcin kasuwa kawai take ji, kuma babu tafinta. Ni ce nake fassarawa, alhali akwai maganar da ɗiya ba za ta so ta bi ta bakin innarta ba. Haka kuma ma'aikacin da ke karɓar baƙi yana ƙwala kiran suna a bainar jama'a, abin da bai dace da wurin da ake zuwa a ɓoye ba, musamman ga mu da kowa ya san kowa a unguwa. Kuɗin ma da nauyi, kuma sau biyu aka ɗage mana lokaci.

Duk da haka ina ba iyaye shawarar zuwa irin wannan sashe. Wanda bai da hali yana iya kiran 937 na Ma'aikatar Lafiya, ko 116111 na tallafa wa yara 'yan ƙasa da shekara 18, ko 997 na motar asibiti idan abin ya kai ga gaggawa. Yanzu an mayar da zamanmu sau ɗaya a mako biyu, kuma a zuwan ƙarshe yarinyar da kanta ta nemi mahaifiyarta ta shiga ɗakin tare da ita.