Akwatin kulle waya mai agogo: wata huɗu muna amfani da shi a gidana

Autarmu ce sanadin sayen akwatin nan. Shekararta tara. Wani dare ta tsaya a gefen kujerata tana ba ni labarin rigimar da aka yi a ajinsu kan wani fensir da ya ɓata, ni kuma waya na hannuna, ina ta jefa mata "to" da "sai aka yi yaya?" ba tare da na ɗago ba. Can na ji falon ya yi tsit. Da na ɗaga kai, ba ta nan. Mahaifiyarta ta ce min yarinyar ta jima da shigewa ɗaki, kuma da gangan ta katse labarin a tsakiya don ta ga ko zan nemi jin ƙarshensa. Ban nema ba, domin ban ma san ta yi shiru ba. Na kwana da abin a raina, kuma makon bai fita ba sai da na yi odar akwatin.

Ga wanda bai taɓa ganin irinsa ba, akwati ne na roba mai kauri, garai-garai, ana hango abin da ke ciki. Duk aikin yana jikin murfin: ɗan allo mai nuna lokaci, da maɓalli zagayayye da ake murɗawa. Ka zuba wayoyi, ka rufe, ka murɗa zuwa tsawon lokacin da kake so, ka danna. Zai ba ka daƙiƙa biyar ko za ka sake shawara, daga nan sai ka ji ƙarar ɗan injin ciki, wasu harsuna biyu su fito su kama bakin akwatin. Babu makulli, babu lambar sirri. Kana iya ƙara lokaci amma ba ka iya ragewa. In ka cire batir, agogon ne kawai zai tsaya, murfin na nan a kulle, kana mayarwa ya ɗora daga inda ya tsaya. Babban ɗana ya gwada wannan dabarar tun a rana ta biyu, a nan na sani. Namu yana cin wayoyi huɗu, muddin an cire musu riga mai kauri.

Kafin shi na gwada abin da ke cikin wayar kanta. Tun 2018 Apple ya sa Screen Time a wayoyinsa, Google ma a shekarar ya fito da Digital Wellbeing, kuma dukansu suna nuna maka awa nawa ka ƙona a kan allo, suna kuma ba ka damar sa wa kanka iyaka. Lissafin ya amfane ni, domin ya nuna min abin da nake ƙaryatawa. Sai dai ni na sa iyakar, ni kuma ke riƙe da ikon ɗage ta, kuma idan dare ya yi na gaji, ɗagewa nake yi. Abin da akwatin ya fi da shi guda ɗaya ne: sau ɗaya ake yanke shawara, lokacin da hankali ke jiki, daga nan an huta da jayayya da zuciya.

Dokar da muka kafa ita ce awa ɗaya da rabi, daga lokacin da aka zauna cin abincin dare. Wayata ke fara shiga, sai ta maiɗakina, sannan ta babban ɗan, mai shekara 16.

Na ɗauka da zarar murfi ya rufe hira za ta ɓarke. Ba haka aka yi ba, kuma wannan ne abin da nake so duk mai niyyar saye ya sani tun kafin ya fitar da kuɗinsa. Makon farko shiru ne ya mamaye mu, shiru mai nauyi, irin wanda ake jin ƙarar cokali a kan faranti. Na ce wa ɗana, "Yaya makaranta?" Ya ce, "Lafiya lau, Baba." Magana ta ƙare. Ina kallon hannunsa yana kaiwa aljihu yana dawowa wayam, sau uku cikin 'yan mintuna, sai na lura nawa hannun ma abin da yake yi ke nan. Ga wayoyin can a kan tebur, allonsu na haskawa ta cikin robar duk sanda saƙo ya shigo, idanunmu duka su koma can a tare. A rana ta huɗu maiɗakina ta ɗauko tawul ta lulluɓe akwatin. Da zan sake saye, wanda ba a hango cikinsa zan ɗauka.

Shirun nan ya sa na fara tunanin me ya same mu, tunda ba gaba muke yi ba, kuma a rukunin gidanmu na WhatsApp kullum muna cikin raha. Abin da na gano shi ne, hira ido da ido sana'a ce, kuma hannunmu ya yi sanyi a kanta. A rubutu kana da lokaci. Ka rubuta, ka goge, ka sake, ka liƙa 'yar fuska mai dariya ta rufe maka abin da ba ka iya faɗa ba. In tambaya ta yi maka nauyi, ka bar ta sai gobe. Gaba da gaba kuwa babu wannan sararin. Wani bincike da masana harshe na cibiyar Max Planck da ke Holan suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2009, ya duba hirar yau da kullum a harsuna 10 na sassan duniya, ya samu cewa tazarar da ke tsakanin ƙarshen tambaya da farkon amsa, in aka yi matsakaici, kusan kashi ɗaya ne cikin biyar na daƙiƙa. Ma'ana tun mutum bai rufe baki ba kai ka fara haɗa amsarka, kana sauraro, kana karanta fuskarsa, kana hasashen inda zai ajiye maganar, duk a lokaci guda. Aiki ne babba da muke yi ba tare da mun san muna yi ba, kuma wanda ya rage yinsa dole ya ji ya yi masa tsauri.

Ni inda na kama kaina ya fi wannan ciwo. Tun 2021 WhatsApp ya ba da damar a saurari saƙon murya da sauri, har ninki biyu, kuma na saba da hakan sosai. A mako na biyu maiɗakina tana ba ni labarin wata matsala da ta taso a wurin aikinta, tana yi tana tsayawa tana neman kalmar da ta dace, sai na ji wani ƙaiƙayi a raina, ina so ta yi sauri ta kai ƙarshe. Babban yatsana har motsi yake yi. Shekara 19 muna tare da baiwar Allahn nan, amma kunnena ya koyi gajiya da yadda take magana. Da na danne ƙaiƙayin na saurara, sai na ga ashe a wuraren da take tsayawar nan ne ainihin damuwar take. Ba aikin ne ya dame ta ba, wata abokiyar aikinta ce da ta yarda da ita ta juya mata baya, kuma ba ta faɗi haka da baki ba sai can ƙarshe. A fuskarta na fara gani.

Ba gidana kaɗai ba ne. Cibiyar Pew ta Amurka ta ruwaito a 2015 cewa kashi 89 cikin 100 na masu waya da ta tambaya sun yi amfani da ita a zama na ƙarshe da suka yi da mutane, alhali kashi 82 na manyan da aka tambaya sun ce hakan yakan ɓata hira. Mun san yana ɓatawa, muna kuma yi. A Kanada, masu bincike na Jami'ar British Columbia sun sa mutum fiye da 300 su ci abinci a wani gidan abinci tare da 'yan uwa ko abokai, wasu da waya a kan tebur, wasu an ajiye musu ita gefe. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna waɗanda wayarsu ke kusa hankalinsu ya fi rabuwa, kuma ba su ji daɗin zaman kamar sauran ba. Bambancin ba mai yawa ba ne, gaskiya. Amma abin da ke zaftare kaɗan kullum, a shekara ya ci da yawa.

Wanda ya fi tsaya min shi ne na Jami'ar UCLA da ke Los Angeles ta Amurka, a 2014. Yara 'yan aji shida sun yi kwana 5 a wani sansani a daji babu waya, babu talabijin, babu kwamfuta, kuma da aka gwada su sun fi takwarorinsu da suka zauna gida samun ci gaba wajen gane halin da mutum ke ciki daga fuskarsa da motsinsa. Mutane sukan kawo binciken nan a matsayin hujjar cewa a ƙwace waya kawai. Ni ba haka na fahimce shi ba. Yaran nan ba a ɗaki aka kulle su su kaɗai ba, wuni suke yi suna tafiya tare, suna aiki tare, suna kallon juna. Cire allon ya buɗe fili ne, abin da aka zuba a filin shi ya yi aikin.

Haka akwatin nan yake. Fili yake bayarwa, ba ya koya wa kowa magana. Mu sai da muka canza irin tambayoyin da muke yi. Na daina "yaya makaranta", na koma tambayar abu takamaimai: wane malami ne ya fi ba ka haushi yau, wa ka zauna kusa da shi. Na kuma koyi in fara ba da nawa labarin, har da inda na yi kuskure a ofis, kafin in nemi nasu. Wajen mako na biyar ne ɗana ya buɗe baki da kansa. Ya ce akwai abokinsa da suka ɓata, sun yi wata guda suna musayar saƙo mai zafi, amma in sun haɗu a aji kowa sai ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, in na tsaya a gabansa ban san ta inda zan fara ba." Yana maganar yana kallon farantinsa, amma ya yi ta har ƙarshe, ni kuma na kame bakina ban katse shi da nasiha ba, abin da a da ba na iyawa. Mahaifiyarsa ce ta ce masa ya fara da gaisuwa kawai, sauran za su biyo. Bayan kwana uku ya dawo ya ce sun yi magana, ta ɗauki minti goma, kuma ba ta kai wahalar da ya zata ba.

Labarin fensir kuwa na nemi autar ta ƙarasa min. Ta yi ɗan tunani ta ce, "Na manta, Baba." Wannan ya wuce, ba zan same shi ba.

Yanzu aibobinsa, domin yana da su. Mafi girma shi ne rashin hanyar gaggawa. Wani dare ƙanena ya kira sau uku a jere, muna jin wayar tana ruri a ƙarƙashin tawul, saura minti 40 a agogo, ga shi mahaifiyarmu ba ta da lafiya a lokacin. Minti arba'in ɗin nan sun yi min tsawo ƙwarai, har na fara duba inda zan fasa robar. Allah ya taimaka ba wani mugun abu ba ne, sunan magani yake tambaya. Washegari na tono wata tsohuwar ƙaramar waya mai maɓallai, na sa mata layi, na ba mutum huɗu lambar. Ita ba ta shiga akwati. Duk wanda ke da tsoho ko majinyaci ko aikin da ake kiransa da dare, kada ya kulle wayarsa sai ya yi irin wannan tanadin, ko ya nemi samfurin da aka bar wa 'yar kafa ta amsa kira.

Na biyu, allon agogon ƙarami ne kuma ba shi da haske, gurbin awa da na kwana suna maƙwabtaka. Sau ɗaya maiɗakina ta murɗa da sauri a ɗaki mai duhu-duhu, maimakon awa ɗaya ta sa kwana ɗaya, daƙiƙa biyar ɗin suka wuce ba wanda ya duba. Washegari dukanmu haka muka fita ba waya, ni na rasa wani taro da aka sauya wa lokaci. Wannan laifin ƙira ne, ya kamata a ce yana neman tabbaci na biyu idan lokacin ya haura 'yan awanni. Tun daga ranar, mai murɗawa yakan karanta lambar da ƙarfi kafin ya danna.

Sannan akwatin bai san da talabijin da kwamfuta ba. In ba a yi yarjejeniya a kansu ba, can kowa zai zarce. Kuma kada a mai da shi abin horo. Na taɓa yin fushi na jefa wayar ɗana ita kaɗai na kulle, ni ina riƙe da tawa. Kwana biyu bai ce min komai ba bayan gaisuwa, kuma da dare ya ƙi zama da mu. Sai da na ba shi haƙuri kafin ya sake yarda da akwatin. Yara suna kallon wayar wa ta fara shiga.

Wa zan ba shawarar ya saya? Wanda ya riga ya gwada ajiye waya da niyya kawai ya ga ba ya iyawa, kuma mutanen gidansa sun amince a yi tare. Mai iya kife wayarsa a wani ɗaki ya manta da ita ba ya buƙatarsa, aljihun tebur ya ishe shi. Robar tana da ƙwari, ta faɗo daga tebur sau biyu ba ta tsage ba, kuma batir ɗin farko har yanzu su ne a ciki. Ba kowane dare muke cin nasara ba. Akwai ranakun da agogo na buɗewa kowa zai wawuri tasa kamar an saki tsuntsaye, akwai kuma waɗanda murfin zai yi ƙara ya buɗe, ba wanda ya tashi, domin autar tana tsakiyar labari. A watan nan mun ƙara lokacin zuwa awa biyu a daren Asabar, kuma babban ɗan ne ya kawo shawarar.