Gidan bayan gari ko ɗakin bene a Amurka?

Masu kallon finafinan Amurka sun sha tambayata: gidan bayan gari, ko ɗakin haya a benen New York?

Na farko fim ya fi ƙawatawa: ciyawa shar, ba katanga, yaro kan keke yana jefa jarida. Irin unguwannin sun yaɗu bayan Levittown, unguwar gidaje da aka fara ginawa a jihar New York a 1947. Abin da kyamara ke ɓoyewa shi ne bashin banki na shekara 30, ga haraji, ko burodi sai da mota. Amma gidan naka ne.

Ɗakin Manhattan, wani yanki na birnin New York, kuwa, faɗin da ake nunawa a fim yana ba ni takaici. Na gaske matsattse ne, haya da tsada, sai dai jirgin ƙasa na kusa.

Mai iyali da mota, bayan gari ya dace da shi. Ɗalibi ko sabon ma'aikaci, birni.