Shekara takwas ina neman sunan abincin nan, ashe alayyafo ne

Sau ɗaya tak na ci shi, a wata kasuwa a Wahaka lokacin da aiki ya kai ni Meziko. Baƙin wake ne cikin romonsa, dahuwar tukunyar ƙasa, da wani ganye mai laushi, ga wani ƙamshi kamar an ɗiga kananzir, wanda bai hana ni suɗe kwanon ba. Yunwa ba ta bar ni na tambayi sunansa ba.

Ran Asabar na leƙa wani ɗan gidan abincin 'yan Meziko da ke unguwar Pilsen a Shikago ta Amurka. Na yi wa yaron da ke kawo abinci kwatance har bakina ya gaji, shi kuwa sai turo mini takardar abincinsu yake. Ashe tsohuwar da ke girki tana ji. Ta fito tana goge hannu, ta ce frijoles con quelites nake nema. Wai quelites ba ganye ɗaya ba ne, duk ganyen ci da ke tsirowa da kansa a gonar masara haka suke kiransa. Ta ɗebo kala biyu a faranti, verdolagas da quintoniles. Na murza na biyun na sansana. Wallahi alayyafo ne, wanda Inna ke zubawa a faten wake! Ƙamshin kananzir ɗin kuma wani ganye ne daban, epazote, wanda suke jefawa cikin baƙin wake saboda kumburin ciki.

Abincin ba ya cikin abin da suke sayarwa, amma baiwar Allah nan ta dafa mini. Lomar farko na ajiye cokali na yi shiru. Shi ne, sak.

To amma yaron nan ya ɓata mini rai. Tun shigata na gaya masa ba na cin alade, ya ce babu nama. Sai ga shi da markaɗaɗɗen wake a gefe, wai kyauta. Allah ya sa na tambayi tsohuwar, ta ce nawa da man girki ta yi, amma wancan da manteca aka soya, wato kitsen alade. A wurinsa kitse ba nama ba ne! Ko haƙuri bai ba ni ba, ya ɗauke farantin yana cin magani. Ga jiran kusan awa guda, ga kuɗin da suka caje ni kamar na ci rago.

Tauraro uku na ba su, kuma duka ukun na tsohuwar ne. In za ku je, ku wuce shi ku tambaye ta da kanku, kalmar ita ce manteca.