Sharhi: ma'aunin zafi mai tsinke da waya wajen gyara makwancin naman kaza

Ma'aunin da nake magana a kansa shi ne ɗan akwatin nan mai batir da fuska mai nuna lamba, wanda waya mai tsawon kamar mita ɗaya ta fito daga jikinsa ta ƙare da tsinken ƙarfe. Don ɗakin girki aka ƙera shi, amma da shi nake auna zafin bambaro da ɓawon kwakwa da ake dafawa a yi makwanci da su kafin zuba irin naman kaza, wato tsiron nan mai kama da laima (mushroom), musamman nau'in Pleurotus. Ra'ayina a kansa: ya cancanci kuɗinsa, ya fi sauran da na gwada dacewa da wannan aiki, sai dai yana da lahani guda babba a mahaɗar waya da tsinke, kuma ban yarda a dogara da lambarsa ba sai an jarraba shi.

Sai an san abin da ake nema da zafin kafin a gane amfanin ma'aunin. Ba a son a kashe duk wani abu mai rai da ke cikin bambaron. Abin da ake so shi ne a kashe ƙwari da ƙwayayensu da mafi yawan funfuna, a bar wasu ƙananan halittu masu jure zafi waɗanda ba sa cutar da naman kaza, suna kuma tare wa funfuna wuri. Wannan yana samuwa ne tsakanin digiri 60 da 80 na ma'aunin Salshiyos, kuma inda ya fi kwanciyar hankali shi ne 65 zuwa 75, na tsawon awa ɗaya zuwa biyu. Idan zafin bai kai 60 ba, koren funfunan nan da ake kira Trichoderma yana tsira, bayan mako ɗaya ko biyu sai a ga tabo fari ya rikiɗe ya koma kore a jikin ledar da aka ɗure bambaron da irin. Idan kuma ya zarce 80 ya daɗe a can, masu gadin ma sun mutu, makwancin ya zama kamar gonar da aka share tas aka bari, duk ciyawar da ta riga faɗowa ita za ta mamaye ta. To tazarar da ake wasa a cikinta digiri goma ce kacal. Ma'aunin da ke kuskure da digiri biyar ya riga ya cinye rabinta.

Shi ya sa jarrabawa ta farko ita ce ta ƙanƙara. A cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara har baki, a zuba ruwan sanyi ya cike ramukan da ke tsakani, amma kada ya yi yawan da ƙanƙarar za ta taso ta yi iyo. A juya, a bari kamar minti biyu, a soka tsinken a tsakiya ba tare da ya taɓa gindin kofi ko gefensa ba. Ya kamata ya nuna 0. Yawancin masu cewa ma'auninsu ya lalace a wannan gwaji, ruwa suka cika, domin ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙara mai iyo yana iya kaiwa digiri uku ko huɗu.

Ta biyu ita ce ta tafasasshen ruwa, kuma ita ta fi muhimmanci a wurinmu saboda ta fi kusa da zafin da muke aiki da shi. Ruwa yana tafasa a 100 ne idan ana daidai da bakin teku. Duk hawan mita 300 yana rage kusan digiri ɗaya. Wanda ke zaune a tudu mai mita 600 zai ga kusan 98, mai mita 1,500 kuma kusan 95, kuma ma'auninsu lafiya lau yake. A bar ruwan ya tafasa sosai yana juyawa, tsinken ya nutse aƙalla santimita biyar, nesa da gindin tukunya. Nawa bai kauce da digiri ɗaya ba a gwaje-gwajen biyu, kuma wannan ya wadatar. Ba shi da maɓallin gyara lamba, wanda hakan naƙasu ne, amma akwai mafita: a rubuta kuskuren a ɗan tef a manna a bayansa. In ya rage digiri ɗaya a ƙanƙara ya kuma rage ɗaya a tafasa, sai a riƙa ƙara ɗaya kullum. In ya yi daidai a ƙanƙara amma ya rage uku a tafasa, to a wajen 70 kuskurensa zai kai kamar biyu. Wanda ya kauce da fiye da uku, ko lambarsa take tsalle-tsalle alhali ruwan bai canza ba, a canza masa batir a sake gwadawa. In bai daidaita ba a ajiye shi.

Inda wannan ma'auni ya burge ni shi ne ana barin tsinken a cikin bambaro, a rufe murfi, a ci gaba da karanta lamba daga waje. Duk buɗe murfi asarar zafi ce, kuma ma'aunin da sai an buɗe an soka an jira yana sa a yi ta buɗewa. Ga yadda aikin yake tafiya a jiƙon ruwan zafi. A yayyanka bambaro tsawon santimita uku zuwa takwas, a zuba a buhun raga ko kwandon waya. A ɗora ruwa ya kai 78 zuwa 80 kafin a saka, domin bambaro mai sanyi yana janyo zafin ƙasa da digiri biyar zuwa goma, gwargwadon yawansa. A danne da abu mai nauyi ya nutse duka, saboda abin da ya leƙo saman ruwa bai samu komai ba. Sannan a soka tsinken a tsakiyar dunƙulen.

A nan ne ake ganin abin da ido ba ya gani. Ruwan gefe yana nuna 74, a matsar da tsinken zuwa cikin dunƙule sai lamba ta yi ta gangarowa, 68, 61, har 55, ta tsaya a can. Bambaro yana riƙe iska a cikin ramukan karansa, kuma cunkushewarsa tana hana ruwa zagayawa, don haka tsakiya tana iya ɗaukar minti ashirin ko fiye kafin ta kamo gefe. Agogo ba ya fara ƙirga sai tsakiya ta kai 65. Wanda ya fara ƙirga awa ɗaya daga lokacin da ya jefa buhu, tsakiyar buhunsa wataƙila rabin awa kawai ta samu, kuma daga nan ne koren yakan fara fitowa.

Haka kuma zafin ba ɗaya ba ne daga sama zuwa ƙasa. Muddin wuta tana ci, gindin durom ya fi ko'ina zafi, yana iya wuce 85 alhali tsakiya ba ta kai 65 ba. Bayan an kashe wuta lamarin yana juyewa: ruwan zafi ya haye sama, gindi ya fara hucewa. Maganinsa a ɗaga buhun a sake nutsar da shi sau biyu ko uku a farkon aiki, a kuma sa ɗan tudun waya ko bulo a gindi don kada bambaro ya zauna kai tsaye a kan ƙarfen da wuta ke duka. Wutar kuma a rage ta tun lamba tana 70, kada a jira 75, domin ƙarfe mai kauri yana ci gaba da ba da zafi bayan an kashe. Durom da aka rufe aka naɗe da tsohon bargo, bayan wuta ta mutu, yana iya riƙe zafinsa sama da 65 har awar ta cika ba tare da an sake kunnawa ba.

Ƙararrawar da ke jikin ma'aunin tana taimakawa a nan. Ina saita ta a 75, da ta yi ƙara sai a kashe wutar da aka riga aka rage tun a 70. Abin takaici, tana kuka ne kawai idan zafi ya hau. Idan ya faɗi ƙasa da 62 ba ta cewa uffan, alhali wannan ma haɗari ne. Mai saye ya nemi wanda ke da iyaka biyu, ta sama da ta ƙasa. Ya kuma duba ko yana kashe kansa bayan wasu mintoci don tattalin batir, domin irin wannan ba ya yi wa aikin awa biyu.

Sai babban lahanin. Inda waya ta shiga tsinke an matse ne kawai da ƙarfe, ba a toshe ba. Ruwa ko tururi yana shiga ta nan, kuma da ya shiga sai lamba ta fara shirme: ta yi sama fiye da kima, ko fuskar ta nuna haruffa maimakon lamba. Wanda ya fi muni shi ne ya kauce da digiri kaɗan ba tare da wata alama ba. Tsinken kuma gajere ne, kamar santimita goma sha biyar. Durom mai lita 200 faɗinsa ya kusa santimita 58, tsayinsa ya haura 85, don haka ba yadda za a yi tsinken ya kai tsakiya daga sama ba tare da mahaɗar ta nutse ba. A tukunya mai lita 30 zuwa 50 babu wannan damuwa. Ga mai durom, ko dai ya rufe mahaɗar da robar nan da ke tsukewa idan an hura mata zafi, bayan ya shafa silikon mai jure zafi a ƙarƙashi, ko ya nemi tsinken da aka rubuta cewa ana iya nutsar da shi gaba ɗaya. Wanda ya jiƙe a shanya shi a wuri mai ɗumi kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa yana dawowa, amma sai an sake jarraba shi. Tsinken wani kamfani kuma ba lallai ya yi aiki daidai a akwatin wani ba ko da bakin ya shiga, saboda abin da ke jin zafi a ciki ya bambanta. Akwatin kansa a rataye shi nesa da tururi, kada a manna shi a jikin durom mai zafi duk da maganaɗisun da ke bayansa.

Akwai ɗan maɓalli na sauya °C zuwa °F, kuma yana saurin gocewa. 160 na Farenhait shi ne 71 na Salshiyos, 140 shi ne 60, 180 kuma 82. A duba harafin da ke gefen lamba kafin a fara.

Sauran ma'aunan biyu da ake yawan tambaya a kansu. Mai allura kamar agogo ba ya bukatar batir, ruwa ba ya damunsa sosai, kuma yana da noti a ƙarƙashin fuska da ake juyawa da sifana a daidaita shi a cikin ƙanƙara. Amma ba bakin tsinken kaɗai ke jin zafi ba, kusan santimita biyar ne daga baki zuwa wata 'yar alama a jiki, dole duk wannan ya nutse, kuma faɗuwa ɗaya a ƙasa tana karkatar da allurar. Nau'insa mai dogon tsinke na masu haɗa takin gargajiya, mai kamar rabin mita, yana da kyau a matsayin na biyu a durom, in ma'auninsa ya kai 100. Mai kama da bindiga kuwa, wanda ake haskawa daga nesa, bai dace da wannan aiki ba sam. Fatar sama kawai yake karantawa, tururi yana rikita shi, ƙarfe mai ƙyalli yana sa ya nuna ƙasa da gaskiya, kuma ba ya sanin komai game da tsakiyar buhu.

Masu amfani da hita ta lantarki suna iya haɗa ta da na'urar da ke kunnawa da kashewa da kanta, irin su STC-1000. A saita 70, tazara digiri biyu. Sai dai makunnin cikinta amfiya 10 yake ɗauka, wato kusan wat 2,200 a wuta mai bolt 220, hita mafi girma sai da wani makunni a tsakani, kuma mai aikin wuta ya haɗa, domin ga ruwa ga lantarki. A sani kuma ɗaga lita 100 da digiri 40 yana cin kusan kilowat-awa 4.6, wato hita mai wat 2,000 za ta haura awa biyu. Na'urar tana kula da wurin da tsinkenta yake ne kawai, saboda haka har yanzu ana bukatar ma'auni na biyu a tsakiyar bambaro.

Masu turara leda su ƙara kula, domin tururi yana kusa da 100, gefen leda yana wuce 80 tun tsakiya ba ta yi ɗumi ba. A yi amfani da wuta kaɗan, a bar sarari tsakanin ledoji, a ware leda ɗaya mai girma da danshi irin na sauran a soka mata tsinke a like ramin da tef, a ajiye ta nesa da inda tururi ke shigowa. Duk wannan na bambaro ne da ɓawon kwakwa. Hatsin da ake renon iri a cikinsa da garin katako da aka haɗa da dusa mai yawa ba sa wadatuwa da 70, suna bukatar 121 a tukunyar matsi, kuma wannan ma'auni ba shi da aiki a can.

Bayan an tsame, a tsane ruwan har idan an matse dunƙule a hannu ɗigo kaɗan ne zai fito. A baza a kan teburi mai tsabta. Saman bambaro yana hucewa da wuri har hannu ya ji sanyi, alhali cikin tarin yana 45. A goge tsinken da barasar asibiti mai kashi 70, a soka a wurare uku mafi kauri, kada a zuba iri sai duka sun sauko ƙasa da 30, domin farin zaren da ke tsirowa daga irin naman kaza yana mutuwa idan zafi ya kai wajen 40. Bayan an ɗure ledoji ma tsinken yana da sauran aiki: zaren da ke yaɗuwa yana fitar da nasa zafin, cikin leda yakan fi ɗaki da digiri kaɗan. A cusa tsinken tsakanin ledoji biyu da ke manne, in ya haura 30 a raba su a ba su iska.