Kafin ka kashe kuɗi kan fim mai dogon zango

An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a harkar fim mai dogon zango wannan magana ba ta cika tabbata ba. Zangon farko yakan zo da armashi har ya hana ka barci, sai ka sayi faifan zangunan gaba ɗaya ko ka biya kuɗin manhaja na shekara guda, can gaba labarin ya koma tafiyar hawainiya. Asarar kuɗin ma da sauƙi, lokacin da ka ɓata shi ne ba ya dawowa. Don haka abin da nake fara dubawa shi ne: masu rubutun nan sun san inda za su tsaya?

Wanda ya fi saurin lalacewa shi ne fim ɗin da aka gina kan tambaya guda. Prison Break, da tashar Fox ta fara nunawa a 2005, ya tsaya ne kan ko ƙane zai fitar da yayansa daga kurkuku. Dab da ƙarshen zangon farko, a kashi na 21, suka tsere. To sai me? Da aka zo zango na uku sai da aka sake jefa jarumin wani kurkukun a ƙasar Panama don a samu abin faɗa. An rufe shi a 2009, aka sake tono shi a 2017. Irin wannan, ka sayi zangon farko kaɗai, in ka matsu ka ƙara na biyu.

Sai wanda aka ɗauko daga littafi. Yana da ƙwari matuƙar littafin na gaba, fim na biye. Game of Thrones ya fara a 2011, kuma a shekarar ne littafi na biyar ya fito, na shida bai biyo baya ba har fim ɗin ya ƙare a 2019. Duk wanda ya kalla ya ga bambancin. Zanguna shida na farko kashi goma-goma ne, na bakwai ya dawo kashi 7, na takwas kashi 6. Tafiyar da a da take cin rabin zango sai ga ta a 'yan mintuna, mutanen da aka yi shekaru ana gina halinsu suka juye dare ɗaya. Har yanzu abin yana yi mini ciwo, domin zanguna huɗun farko aiki ne da ba kasafai ake samun irinsa ba. Kafin ka saya, bincika ko marubucin littafin ya kammala nasa.

Akwai kuma wanda ba a yanka masa ƙarshe ba, ana ta ja tun da masu kallo na nan. The Walking Dead ya kai zango 11, kashi 177, daga 2010 zuwa 2022. An sallami Frank Darabont, wanda ya tsara shi, tun 2011, babban jarumin kuma ya fita a zango na tara. Irin wannan, kuɗin manhaja na wata-wata ya fi dacewa da shi, ranar da ya gundure ka sai ka daina biya.

Wanda zan ce ka sayi cikakkensa ba fargaba shi ne wanda aka rufe da gangan. Breaking Bad zango biyar ne, kashi 62, daga 2008 zuwa 2013, kuma Vince Gilligan da ya ƙirƙire shi ne ya kai shi ƙarshe. In ba ka da lokaci, ga gajeru irin Chernobyl na 2019, kashi biyar kacal.

A shafin intanet na IMDb, inda masu kallo ke ba finafinai maki, kowane kashi yana da nasa makin. Kada ka tsaya kan makin fim ɗin gaba ɗaya, domin farin jinin zangunan farko yakan rufa wa na baya asiri. Buɗe zangon ƙarshe ka kwatanta makinsa da na zango na biyu, amma ka kauce wa sharhin da ke ƙasa, nan ne ake tona ƙarshen labari.